Kujerar Bayan Direba

Litinin, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Mota lafiya lau. Sawu ɗaya na yi Argungu da safe, ko tari ba ta yi ba.

Yau aka sallamo matata Hamida daga asibiti. Likita ya ja ni gefe ya yi magana mai tsawo, rabi Hausa rabi Turanci, idonsa a kan takalmina. Yaro ne. Ranar da na fara riƙe sitiyari ko cikinsa ba a ɗauka ba. Na ce masa na gode.

A motar mijin Rauda aka kawo ta gida, an naɗe ta a kujerar baya kamar tabarma, don ba ta iya zama. Daga asibiti zuwa unguwarmu Badariya ai ba nisa, amma da muka shigar da ita ɗaki, leɓenta ya fashe saboda cizo. Ta ce da 'yarmu, "Rauda, ki yi ma mijinki godiya, amma kada a sake sa ni cikin gwangwanin ga."

Matar mai mota a motar aro.

Laraba, 11 ga Satumba, hantsi

Ina shirin fita ta kira ni. "Direba." Haka take kirana tun tana budurwa, tun tana shiga motar da nake ja wa wani Alhaji, da kwandon bandar kifinta daga Argungu. Mun haifi Rauda, mun aurar da ita, har yau Direba nake.

Ta ce, "Ka kai ni gida. Ina son in ga Goggo, in ga ruwa."

Goggo mahaifiyarta ce. Ƙafa ta hana ta fita ko zaure, balle ta zo Birnin Kebbi.

Na ce, "Ki samu ƙarfin zama tukun. Kujerarki tana nan, ba wanda ya ɗauke ta."

Ta ce, "In ban zauna ba fa?"

Na ce zan makara a layi.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan azahar

Mota lafiya lau. Na canza mata mai.

Asabar, 14 ga Satumba, a tasha, ina jiran layi

Motoci huɗu ne a gabana, bari in rubuta abin da yaran yanzu ba su sani ba.

Su sun buɗe ido sun ga bas ƙirar hayis, suna zaton da kujerunta aka haife ta. Mu da muka fara yaron mota a akori-kura mun san yadda ake tara mutum da akuya da buhun gero wuri ɗaya, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Da ƙananan bas suka shigo hanyar ga, tsofaffi har takalmi suke cirewa a ƙofa.

Tawa daga Kwatano na ɗauko ta da hannuna. Ba wanda ya saya mini, ba gado ba ce. Rufaffiya ta zo, fara, ba taga ko ɗaya sai na gaba, ba kujera, da wani rubutun Turawa a gefenta. An ce burodi take rabawa a can ƙasarsu. Ni na tsaya a kan mai walda ya yanka mata tagogi, ni na auna da igiya daidai kafaɗar mutum in ya zauna. Kujeru layi huɗu. Kowa a tashar ga walda yake wa kujerunsa su mutu a wurin. Ni na ce a'a, a sa mini noti. Aka yi ta dariya, wai Riskuwa ya cika iyayi. Da kaka ta yi, na kwance kujeru na kwashi buhunan shinkafa a Ambursa, su suna zaune suna kiran fasinja. Wa ya yi dariya a ƙarshe?

Sai dai abin da ban hango ba: motar da kujerunta ke fita, ita ake nema in an yi rashi. Na kai mutane da yawa garuruwansu a kwance, ban taɓa karɓar ko sisi ba. Har ta kai a unguwarmu in an ga kujeruna jere a ƙofar gida ba lokacin shinkafa ba, ba a tambayar lafiya, sai dai a ce, "Wa muka rasa?"

Buhu ko gawa. Don su kaɗai ake kwance kujerun motata.

Shinkafa ba ta nuna ba tukun.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan magariba

Ta sha kunu rabin kofi. Rabin kofi ai ci gaba ne.

Talata, 17 ga Satumba, yamma

Tamba ɗan kamasho ya ba ni haushi. Mota ta kusa cika, na ce mu tafi, ina sauri in dawo gida. Ya riƙe ƙofa yana ta ihu, "Argungu, saura mutum ɗaya! Argungu, mutum guda!"

Na ce, "Tamba, rufe mana."

Ya ce, "Maigida, ni Tamba in saki mota da gurbi? Ko uwata ta haihe ni yau ba ni yin haka. Kujera in ta tahi wofi, kuka take."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To kai shigo ka cike ta mana, tun da kai ne mai tausayin kujera." Mota duk ta kwashe da dariya. Sai da ya samo wani mai kaji sannan ya rufe.

Ya sa mai kajin a bayana, jikin taga. Har Argungu ban yi wa mutumin magana ba, shi kuwa ba laifinsa.

Nan ne wurin zaman Hamida. Ba ta taɓa yarda da gidan gaba ba, wai mutane za su ce matar mai mota tana nuna isa. Bayan direba, jikin taga, ta miƙa ƙafa wajen injin in ana sanyi. In na taka wuta sai in ji yatsa a kafaɗata. Ba ta magana, yatsa kawai. Ita ta zaɓi abin da aka rubuta a ƙofar baya: SANNU BA TA HANA ZUWA. Ta ce don ni aka rubuta, ba don na bayana ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan asuba

Ta sake cewa in kai ta gida. Na sake cewa.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan masallaci

Wasu mutanen Gesse sun same ni. Dattijonsu ya cika, suna son a kai shi ƙauye. Na ce motar ba ta da lafiya, na tura su wajen wani.

Mota lafiya lau take. Allah Ya yafe mini.

Asabar, 21 ga Satumba, la'asar

Rauda ta ɗaga mini murya yau, abin da ba ta taɓa yi ba. A zaure, don kada uwarta ta ji.

"Baba, mi kake jira? Katifa kawai za a shimfiɗa. Ka kwance kujerun ga."

Na ce, "Ke kin san mota ko ni?"

"Ba maganar mota nake ba."

Na ce, "Uwarki fasinja ce, ba kaya ba ce. A zaune ta saba zuwa Argungu, a zaune za ta je."

Ta ce, "Ka ji abin da likita ya faɗa, Baba. Ina wurin."

Na ce yaro ne. Ta rufe fuska da gyale ta shige ciki.

Na wanke mota. Da safe ma na wanke ta.

Litinin, 23 ga Satumba, azahar

Na samo dabara. Na je shagon Anselm, mai sayar da kayan gyara, wanda tun zuwan motar ga ko fulogi ban taɓa saye a wani wuri ba. Na ce ya nemo mini kujerar nan ta manyan motoci mai kwantawa baya. In cire layin bayana kaɗai in ɗaura ta. Kujera dai kujera ce, ba wanda zai ce komai.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam Riskuwa, yaushe ka fara ɗaukar gwamna?"

Na ce, "Nemo dai."

Ya aika aka kawo daga sito. Da na sa hannu a aljihu ya ce, "Ka bar shi, in Madam ta gwada tukun." Ban gaya masa don wa ba ne.

Talata, 24 ga Satumba, yamma

Mun gwada a tsakar gida kafin a ɗaura. Ni da Rauda muka ɗago ta. Mun kwantar da kujerar iyakarta.

Ba zan rubuta sautin da ta yi ba.

Da muka mayar da ita shimfiɗa ta huta, sai ta ce, "Kujerar mai kyau ce, Direba. Bayan nawa ne ya ƙi." Ita ke ba ni haƙuri.

Laraba, 25 ga Satumba

Ban fita ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, hantsi

Goggo ta sa an kira mata ni a waya. Na gaishe ta, na durƙusa kamar tana gabana.

Ta ce, "Riskuwa, ranar da kunka zo ɗaukar ɗiyata, mi kac ce mani?"

Na ce, "Na ce duk ranar da kika so ganinta, ni mai mota ne."

Ta ce, "To, ina so." Ta mayar wa yaron da ya kira ni wayar.

Alhamis, bayan la'asar

Na mayar wa Anselm kujerarsa. Ya sa aka kawo mini lemo, ya kori yaransa waje.

Ya ce, "Ka tuna shekarar da na rufe shago wata guda?"

Na ce na tuna, rasuwar mahaifiyarsa. A nan wurinsa take zaune.

Ya ce, "Kullum tana cewa in kai ta gida. Ina cewa Mama bari Kirsimeti, bari kasuwa ta buɗe, bari ki ji sauƙi. Na kai ta, Malam Riskuwa. Kwana biyu muna hanya. Na kai ta har ƙofar ɗakinta. Amma ba ta san an kai ta ba."

Na ce, "In na kwance kujerun ga, kamar na yarda ne."

Ya ce, "Kai wa ya tambaye ka yarda? Direba kake. An ce maka Argungu, ka kai mutum Argungu."

Da wani ne ya gaya mini haka, da mun rabu. Na shanye lemon na tashi.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan magariba

Yau ba ta ce in kai ta ba. Na zauna kusa da ita tun la'asar ina jira ta ce. Ta yi ta kallon rufin ɗaki. Da na tashi sai ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya," kamar yadda take cewa kullum, alhali ba fita zan yi ba.

Ta daina roƙo. Wannan ya fi.

Ba ya fi ba. Ban san abin da nake rubutawa ba.

Asabar, 28 ga Satumba, Argungu, bayan isha'i

Da na idar da asuba na ɗauki sufana. Notin farko ya ƙi, ko hannuna ne ya ƙi. Gari na wayewa sai ga Anselm a kan babur, Rauda ce ta kira shi. Bai gaishe ni ba ma, ya shiga ƙarƙashin mota ya karkatar da bakin salansar motar gefe, wai kada hayaƙi ya dami Madam. Muka fitar da layi huɗun, muka jera su jikin bango.

Abin da nake gudu bai ɓata lokaci ba. Maƙwabcina ya fito da buta, ya ga kujeru, ya saki butar. Mata suka fara leƙowa. Wata ta shigo gidan da salati, tana "Innalillahi", sai ta yi kiciɓis da mu mun ɗauko Hamida a kan katifa.

Hamida ta ɗaga hannu ta ce, "Ma'u, adana hawayenki, ban tahi ba tukun. Ganin gida za ni."

Matar ta rasa inda za ta sa fuskarta. Hamida ta yi dariya har ta riƙe ciki. Rabon da in ji dariyar ga tun kafin azumi.

Muka shimfiɗa ta, kanta wajen bayana, Rauda a gefenta. Mun fita gari kaɗan sai na ji ta ce, "Direba, tagoginka ba su ganin komai."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Sama kawai. Ka yanka su don masu zama."

Ni da nake alfahari da awon tagogin nan. Shekara da shekaru ina ɗaukar na kwance, ba wanda ya taɓa gaya mini, don ba mai iya faɗa.

Na tsaya gefen hanya. Na ɗaga ƙofar baya, na tokare ta da sandar jak, na ɗaure da igiya. Muka ƙara mata matashi biyu. Yanzu duk faɗin bayan motar ya zama tagarta.

Ban wuce giya ta biyu ba. Ni Riskuwa, da ake cewa in na bar Birnin Kebbi da shayi a kofi da zafinsa nake isa Argungu. Babura suna wuce ni. Wani mai amalanke ma ya so ya gwada ni. Direbobinmu in sun taho daga baya sai su danna oda, in sun matso sun ga ciki sai su yi shiru, su rage wuta. Tana ɗaga musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya leƙo ya ce, "Hajiya, ya jiki?" Ta ce, "Ka gaya ma Tamba yau an saki mota da gurbi goma sha takwas."

A Ambursa fadama ta cika, shinkafa kore har inda ido ya tsaya, ruwa yana walƙiya a tsakaninta. Ta ce, "Rauda, dubi. Ni kullum gaba nake kallo, ƙeyar ubanki. Ashe haka hanyar take in tana tahiya ta bar mutum."

Ta riƙa kiran garuruwan da kanta. Zauro. Alwasa. Wajen wani rami da na saba kaucewa, na kauce a hankali, duk da haka na ji yatsa. Ba ta kai kafaɗata ba, bayan kujerata ta ƙwanƙwasa. Na ce, "Hamida, tafiyar kunkuru fa nake." Ta ce, "Na sani. Sabo ne."

Kafin gida na bi da ita bakin gulbi, na juya mota da baya har kusa da ruwa. Masunta suna gyaran taru. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ƙamshin bai canza ba.

An fito da Goggo zaure a kan kujera. Na shiga da mota da baya har bakin ƙofa. Tsohuwar ta miƙa hannu tana shafa ƙafafunta, don su ta fara samu, tana cewa, "Ɗiyata, ɗiyata, kin zo?" Hamida ta ce, "Na zo, Goggo. Direba ya kawo ni."

Na zaga gaban mota na duba tayoyi. Ba abin da ya same su.

Litinin, 30 ga Satumba, Argungu, hantsi

Ta ci kifi, loma uku. Goggo ce ta ba ta a baki. Suna ta faɗa a kan wai gishiri ya yi yawa.

Da na kawo ta tun ranar da ta fara cewa, da ta ci fiye da haka. Wannan lissafin ba ya barina.

Na faɗa mata. Ta ce, "Mi anka rubuta a bayan motarka?" Na ce ai karin maganar yana da ƙarashe, sai dai a daɗe ba a je ba. Ta ce, "To an je. Bar ƙarashen."

Laraba, 2 ga Oktoba, azahar

Barci take yi yawanci. Rauda tana mata fifita.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Lahadi, 6 ga Oktoba, Argungu

Yau sadakar uku. Mutanen tasha sun zo mota biyu. Anselm ya zo da matarsa, ya zauna a tabarma cikin malamai, ya ɗaga hannu da aka ɗaga.

Ba a buƙaci motata ba. Daga gidan Goggo zuwa can, a kafaɗa ake zuwa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, Badariya, la'asar

Na dawo gida. Kujeru suna nan jikin bango inda muka bar su, ruwa ya dake su sau biyu. Masu zuwa gaisuwa a kansu suke zama, don tabarmi ba su isa ba. Maƙwabcina ya zauna a layin farko, can ƙarshe, kujerar bayan direba. Na ce ya matso nan kusa da ni, inuwa ta fi. Ya matso.

Mota tana nan. Ban tayar da ita ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, hantsi

Anselm ya zo da sufana. Muka mayar da layi huɗun. Da zai gyara bakin salansa na ce ya bar shi yadda yake.

An fara yankan shinkafa a Ambursa, an aiko mini. Na ce bana su nemi wani.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Na shiga layi. Kowa ya zo ya yi mini gaisuwa, aka ce in yi lodi ba sai na jira ba. Na ce a'a, layi layi ne.

Da aka zo kaina Tamba ya buɗe ƙofa ya fara kira. Mutane suka shiga, baya ta cika, tsakiya ta cika, gidan gaba ya cika. Ina zaune ina kallon gilashi, ina jin mota tana nauyi kamar yadda ta saba.

"Argungu, saura mutum ɗaya! Argungu, mutum gu..."

Na ga ya leƙa ciki, ya ga inda gurbin yake. Wani saurayi da jaka ya taho da gudu yana cewa ga shi, ga shi. Tamba ya tare shi da hannu.

"Ta cika, samari. Bi motar baya."

"Ga wuri can ina gani, bayan direba!"

"Na ce ta cika."

Ya ja ƙofar ya rufe da kansa, ya buga jikin mota sau biyu.

Bayan Ambursa hanya ta buɗe, ƙafata ta nutse a kan totur ban sani ba. Na yi ta jiran yatsa a kafaɗata.

Sai na rage da kaina.